Kwana Ukun Gwani Mudi

A zamanin da, a wani birni mai ƙofa bakwai wanda sunansa ya shige wa masu ba da labari, an yi wani sarki ana ce masa Zubairu, shekararsa biyu kacal a kan gado. Wata Talata da hantsi, fada ta cika maƙil, sai ya yanke hukuncin da bai taɓa yanke irinsa ba. Ya ce a tsare Gwani Mudi a gidan Yari kwana uku, kullum a kawo shi gaban malamai su warware masa abin da ya shige masa duhu. In ya dawo hanya, ya koma gidansa lafiya. In kuwa rana ta uku ta faɗi bai dawo ba, to, Hauni mai takobi ya san aikinsa.

Laifin Gwani Mudi ba sata ba ne, ba kisa ba. Cewa ya yi babu Mahalicci. A tsakiyar kasuwa ya faɗa, da wani ya matsa masa da tambayar abin da ya hana shi zuwa masallaci. Ka ji fa! Da wani tantiri ne ya furta haka, sai a ce giya ce, a zane shi a sallame shi. Amma wannan bawan Allah Alƙur'ani goma sha ɗaya ya rubuta da ka, kuma har wanda ake rantsuwa da shi a zauren alƙali aikin hannunsa ne.

Duk fadar nan ba wanda hukuncin ya yi wa nauyi kamar Waziri Haliru. Shekara talatin da huɗu yana waziri, sarakuna uku ya yi wa aiki, gwiwoyinsa sun soma ƙin zaman fada, idonsa ya soma hazo. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya yi mata magani. Shi da Mudi a zaure ɗaya suka yi karatu suna samari, ƙwarya ɗaya suke sa hannu. Ya kuma san abin da ya kai abokinsa ga wannan magana, ya san shi fiye da yadda yake so ya sani.

Asalin abin shekara tara ke nan, zamanin mahaifin wannan sarkin. Gwani Mudi yana da ƙane guda ɗaya, Ilu, mahaƙin rijiya, mutum mai yawan dariya wanda ba ya iya riƙe fushi daga safe zuwa azahar. Aka ɗauke shi haƙar rijiya a gonar Makama Jatau, ƙanen uwargidan sarki na lokacin, wato kawun Sarki Zubairu. Rannan aka wayi gari da gawar wani falke baƙo a cikin rijiyar, an fasa masa kai. Jatau ya ce da idonsa ya ga Ilu ya maka masa dagi. Ilu ya ce shi a gidan wansa ya kwana, suna jinyar tsohuwarsu. Mudi ya ce haka ne, aka ce ba a karɓar shaidar wa a kan ƙane.

Al'adar garin kuwa ga yadda take. In magana ta tsaya tsakanin mutum biyu, sai a sa mai ƙara ya yi alwala, a miƙa masa Alƙur'anin zauren alƙali ya rantse, sannan a jira kwana arba'in. Kowa ya sakankance cewa in ƙarya ya yi, Alƙur'ani zai ci shi kafin wa'adi ya cika, ko hauka, ko gobara, ko ya kumbura ya mutu. In ya ƙetare lafiya, shi ke nan, gaskiyarsa ta tabbata, ba mai ƙara tona komai. Hutu ne ga alƙali, hutu ne ga fada.

Jatau ya rantse. Mudi ya zauna yana ƙirga kwanaki da natsuwar mai gaskiya. Kwana arba'in suka cika ko ciwon kai Jatau bai yi ba, a kwana na talatin da takwas ma aka yi masa haihuwa, namiji. Kashegarin wa'adi aka kashe Ilu a bayan ganuwa. Mudi ya ci gaba da jira, shekara ɗaya, shekara uku, shekara biyar, Jatau sai ƙiba yake yi. Daga nan ya ajiye alƙalami, daga baya ya ajiye buta.

Ranar farko Liman Sha'aibu ne ya karɓi magana. Mutum ne mai murya, mai son a ji ta. Aka shigo da Gwani, ya rame kamar kara, ya zauna ba tare da ya dubi kowa ba.

Liman ya ce, "Gwani, dubi rigar da ke jikinka. In na ce maka auduga ce ta kaɗa kanta ta zama zare, zare ya saƙa kansa, ya faɗa marina, ya fito ya ɗinke, ai cewa za ka yi Liman ya zautu. To, ƙwayar gero ɗaya da ake jefawa a turɓaya ta fito da zangarniya fa? Damina da ba ta taɓa zuwa a gurbin rani ba fa? Riga ba ta rasa masaƙi, sai duniya ce za ta rasa?"

Fadawa suka ce, "Gaskiya ne, Allah ya gafarta Malam!"

Gwani ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na san riga da masaƙi ne don na sha ganin masaƙa a bakin aikinsu. Duniya nawa ka tsaya ka ga ana saƙawa? Kuma ka ambaci zangarniya, ka manta fara da ta cinye ta bara waccan, har mata suka riƙa tonon gidan tururuwa."

Liman ya ce, "Ko riga da huda, ai wani ne ya saƙa ta. Aibin da kake gani bai kore mai aikin ba."

Wannan amsa ce mai kyau, kuma da Liman ya tsaya a nan da ya tashi da girmansa. Ina! Sai zafi ya ɗebe shi, ya shiga jero ayoyi yana ɗaga murya yana nuna Gwani da carbi. Gwani ya bar shi ya yi nisa, sannan ya ce a hankali, "Ka tsallake aya ɗaya, Malam. Kuma kana kafa mini hujja da Littafi, alhali Mai Littafin nake tambaya." Wani bafade ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Sarki ya tashi ransa a ɓace, kwana ɗaya ya tafi a banza. Waziri ya koma gida ya tarar da tuwo, ya dube shi, ya ce a ɗauke.

Rana ta biyu Waziri ya kawo wani baƙon malami da ya sauka garin tare da ayari daga gabas, Malam Bunu, ɗan siririn tsoho mai magana ƙasa-ƙasa. Bai ɗaga murya ba, bai kuma kira Gwani kafiri ba. Sai da ya tambaye shi yadda ya kwana tukuna.

Ya ce, "Gwani, da safen nan na ga wata mata ta shiga maƙwabta da tsingaro ta ɗebo wuta. Na tambayi masu gidan, su ma suka ce ɗebowa suka yi a gidan gaba. A ce na bi garin nan gida-gida, kowa ya ce mini ɗebowa ya yi, babu ko mutum ɗaya da ya buga ƙyastu. Za a yi tuwo a garin?"

Gwani ya ce, "Wataƙila gidajen ba su da iyaka. Wannan daga wancan, wancan daga na gabansa, har abada."

"To, ƙara gidajen, ka mai da su dubu sau dubu. Kowane ɗaya a cikinsu ba shi da wutar kansa. In ka tara marasa wuta komai yawansu, me ka tara? Ga wuta kuwa muna gani tana ci. Ni da ba ni, sannan na kasance. Ubana haka, dutsen can haka, rana haka. Duk abin da zai yiwu ya kasance, zai kuma yiwu ya rasa kasancewa, to, samuwarsa ɗebowa ya yi. Dole a tarar da Wanda bai ɗebo a gidan kowa ba."

Gwani ya ce, "Na ba ka wannan, Malam. Shekara huɗu ina neman hanyar kauce masa ban samu ba. A ce akwai na farko. Amma ƙyastu dutse ne da ƙarfe. Ba ya ji, ba ya gani, bai san an dafa tuwo ko an ƙona gari ba."

Malam Bunu ya ce, "Kai kana ji, kana gani, kana sanin ciwo. Wanda ba shi da abu, ta ina zai ba ka shi?"

Gwani ya ɗago kai, karo na farko tun da aka soma. Ya ce, "To, in yana ji, ya ji rantsuwar Makama Jatau."

Makama yana zaune dama da Sarki, ya gyara rawani yana murmushi kamar ba da shi ake ba. Malam Bunu baƙo ne, sai da aka raɗa masa labarin a taƙaice. Ya ce, "Gwani, ai duniya ba gidan sakamako ba ce. Ubangiji yana yi wa azzalumi jinkiri, wani har kabari. Babu inda ya yi wa kowa alkawarin kwana arba'in."

Gwani ya ce, "Madalla. In yana jinkiri, don me aka kashe mini ƙane a rana ta arba'in da ɗaya? In ba ya jinkiri, yana ina shekara tara? Ni dai na san inda Ilu ya kwana. Ku zaɓi ɗaya ku ba ni."

Malam Bunu ya dubi Liman, ya dubi alƙali, ya dubi Waziri, kowa ya sunkuyar da kai. Ya tattara rigarsa ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara, tambayar da ta shafe ni na amsa. Wannan kuwa ba tawa ba ce, ta mutanen garin nan ce."

Bayan la'asar Waziri ya ja ƙafa zuwa gidan Yari, ya sallami dogarai, ya zauna a ƙasa kusa da abokinsa.

Ya ce, "Mudi, don girman zaman da muka yi, gobe ka faɗi kalmar nan. Da baki kawai. Abin da ke zuciyarka ba mai tonawa. Ka faɗa ka koma gida. Wallahi na gaji da binne mutanen da na sani."

Gwani ya dube shi da idon tausayi. Ya ce, "Haliru, kai ma so kake in rantse da ƙarya?"

Da mari ya yi masa da ya fi sauƙi. Domin akwai abin da Waziri yake ɗauke da shi shekara biyar, ko matarsa bai gaya wa ba. Tsohon da ke ajiyar gafakar Alƙur'anin alƙali, da ciwon ajali ya kama shi, ya aika aka kira Waziri, ya riƙe masa hannu yana kuka. Ya ce ana gobe rantsuwa Jatau ya zo ya tsorata shi, ya sa shi ya zare falle ɗaya daga cikin Littafin ya ba shi, don mutane suna cewa Alƙur'anin da bai cika ba ba ya cin mai rantsuwa. Tsoho ya faɗa ya huta, ya bar Waziri da kayan.

Me ya hana shi magana? Ya ce wa kansa Ilu ya riga ya tafi. Ya ce Jatau surukin sarki ne, a bari sai an sami lokacin da ya dace. Da sabon sarki ya hau, ya ce yaro ne, kada a haɗa shi da kawunsa tun bai zauna daidai ba. Bayan duk wannan kuma yakan ce, ai Allah zai kama shi. Haka shekara biyar ta wuce, kullum da dalilinta mai kyau. Yanzu ga shi saura yini ɗaya, in ya yi shiru a sare Mudi, in ya yi magana rawaninsa da mutuncinsa sun tafi. Ya tashi da kyar, yana dafa bango, ya fita.

Rana ta uku gari ya taru har bisa katanga. Hauni yana tsaye a ƙofar fada. Liman ya ce shi ya gama nasa, sauran na takobi ne. Sai Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a ba tsoho dama ya gwada, ko da ba malami ba ne." Sarki ya ce ya yi.

Waziri ya juya ga Gwani. "Lokacin da almajiranka ke juyar littafi su kawo maka duba, in ka ce wannan layin kuskure ne, da me kake sani?"

"Da na asali."

"In babu na asali ko a takarda ko a ka, sai tawada a kan falle kawai?"

"Sai a ce babu kuskure, babu daidai. Zane ne."

"To, shekara tara kana cewa abin da aka yi wa Ilu kuskure ne. Ba ka ce ba ka so ba kawai, cewa kake zalunci ne, ko duk garin nan ya yarda da shi, ko sarki ya sa hannu. Da wane na asali kake dubawa, Mudi? In babu kowa sai mu da turɓaya, to, kashe Ilu da faɗuwar busasshen reshe ɗaya ne, abu ne ya faru."

Gwani ya ce, "Ba ɗaya ba ne."

"Na sani. Ni ma ban ce ɗaya ne ba."

Gwani ya ce, "Magana ce mai nauyi, Waziri, zan kuma tafi da ita inda za ni. Amma magana na ƙoshi da ita."

Waziri ya ce gaskiya ne. Ya juya ga Sarki ya ce tun da rantsuwa ce ta haifi wannan fitina, a sake ta a gaban jama'a, kowa ya huta. A kawo gafakar alƙali, Makama ya maimaita abin da ya faɗa shekara tara da suka wuce. Jatau ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ko sau goma ake so. Ya fita ya yi alwala ya dawo yana taƙama, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

Har ya miƙa hannu, sai Waziri ya ce, "Dakata kaɗan, Makama. Ga mai rubutun nan zaune. Littafi ya daɗe a gafaka, bari ya duba mana ko aikinsa yana nan yadda ya bar shi."

Alƙur'anin wancan zamani ba a ɗinke yake ba, falle-falle ne, kuma a gindin kowane falle marubuci yakan sa kalmar da na gaba zai fara da ita. Aka ajiye shi gaban Gwani. Ya ce a ba shi ruwa ya wanke hannu, ko ba komai aikinsa ne. Ya shiga ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Hantsi ya yi, rana ta take, jama'a na ta hamma, Makama kuwa murmushinsa sai raguwa yake. Gab da azahar hannun Gwani ya tsaya. Ya duba gindin falle, ya duba kan na gaba, ya sake dubawa. Ya ce, "Babu ɗaya a nan."

Waziri ya ce, "Ash! To, ba a rantsuwa da wanda bai cika ba." Ya sa hannu cikin rigarsa ya fito da nasa. "Ga wani, shi ma Gwani ya rubuta mini, jiya na bi shi falle-falle, cikakke ne. Bismilla, Makama."

Jatau ya dubi Littafin kamar an ajiye masa garwashi. Ya ce alwalarsa ta karye. Aka kawo buta, ya sake. Ya dawo ya ce kansa na juyawa, a bari sai gobe. Sarki Zubairu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Kawu, ɗora hannunka." Hannu ya tashi, ya tsaya a sama, ya koma cinya.

Nan Waziri ya faɗi duk abin da tsohon mai ajiya ya gaya masa, da ranar da ya gaya masa, bai rage wa kansa ko kwana ɗaya ba. Ya ce, "Mutumin da tsoro ya sa ya zare falle ba zai iya ƙona shi ba. Ba zai mayar ba, kada Littafi ya cika ya waiwaye shi. Ba zai ajiye a ɗaki ba, kada a gani. A duba layar da ke damtsensa na dama." Aka kira baduku ya farke ta. Ga falle a naɗe, gumi ya rine gefensa, rubutun Gwani Mudi raɗau. Jatau ya zube yana cewa jakunan falken ne suka shiga masa gona, ya buge shi cikin fushi, bai yi niyyar kisa ba. Tir! A kan dawar da jakai suka ci aka rasa rai biyu.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mu uku ne a nan, kuskurenmu ɗaya. Mun ɗauki Ubangiji tamkar tarko. Makama ya ce in ya zare ƙaya ɗaya tarkon ba zai kama ba. Gwani ya ga bai kama ba ya ce babu mai tarkon. Ni kuwa na zauna ina jira ya kama, don kada in buɗe bakina. Alhali amanar bincike mu aka ɗora wa, da alƙali da waziri da sarki, muka tura wa kwana arba'in. Wanda Gwani ya ce babu shi, mu muka ƙera shi a garin nan. Nawa laifin ya fi na kowa, don ni na sani." Ya kwance rawaninsa da hannunsa ya ajiye gaban Sarki, kansa fari fat.

Aka ji kiran sallar azahar daga nesa. Sannan Sarki ya yi hukunci. Ya tuɓe Jatau, ya miƙa shi ga alƙali a yi masa shari'ar rai biyu da shaidu, ba sani ba sabo. Ya kashe al'adar kwana arba'in daga ranar. Ya karɓi rawanin Waziri, ya ce shirun shekara biyar ba ya tafiya haka nan, amma maganar yau ta hana a ƙara masa wani abu a kai. Sa'an nan ya ce, "Gwani, ka ga abin da ya faru. Ka dawo?"

Gwani ya ce, "Ranka ya daɗe, in na ce na dawo don an kama Jatau yau, na koma kuskuren jiya ke nan. Maganar Malam Bunu da ta Waziri sun shige ni, amma ban gama da su ba. Da na ce babu. Yau ban sani ba. Iyakar gaskiyata ke nan."

Liman ya ce, "Kwana uku dai sun cika."

Sarki ya ce, "Allah ya gafarta Malam, kwana uku na wanda aka cire wa shubuha ne. Wannan fadar ce ta dasa masa ita, ta yi mata ban ruwa shekara tara, ba ta da bakin ƙirga masa kwana. Hauni ya koma gida. Gwani ya je ya yi tunaninsa, Malam Bunu ya zauna garin nan a kan ɗawainiyata, ƙofarsa a buɗe ga Gwani."

Da la'asar mai shela ya zaga ƙofofi bakwai yana faɗin cewa Ilu mahaƙin rijiya bai kashe kowa ba. Sarki da kansa ya taka zuwa bayan ganuwa inda aka binne shi, jama'a na biye. Kabarin ya shafe, sai da Gwani ya nuna wurin da ƙafa, gindin wata aduwa. Liman ya yi addu'a, aka shafa, aka soma watsewa. Haliru, wanda yanzu ba waziri ba ne, ya rage a tsaye da 'yar hularsa, don gwiwarsa ba ta son sauri.

Gwani ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Shekara biyar, Haliru."

"Shekara biyar. Ba ni da abin cewa."

Can Gwani ya ce, "Duk garin nan ya ji shelar nan, har jakai. In babu komai bayan wannan turɓayar, shi kaɗai ne bai ji ba. Ya tafi yana mai kisan kai a idon kowa, kuma haka zai zauna."

Haliru ya ce, "In babu, haka ne."

"Na ɗauki abubuwa da yawa. Wannan ban san ko zan iya ɗaukarsa ba." Ya goge fuska da hannun riga. "Ban ce na gane ba, kada ka je ka ce na ce. Amma yi masa addu'a, kai da bakinka ya saba."

Haliru ya ɗaga hannuwansa. Bai iya doguwa ba, ya roƙa wa Ilu gafara da rahama, ya roƙi a sanar da shi cewa an wanke shi, ya roƙa wa kansa abin da ya san bai cancanta ba. Ya shafa, ya sauke hannu, ya juya zai kama hanya. Sai da ya yi taku uku sannan ya ji ta daga bayansa, a dushe, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba.

"Amin."

Haliru bai waiwaya ba. Ya dai rage tafiya har abokinsa ya iso shi, suka shiga gari tare, tsofaffi biyu, kowa na jan ƙafarsa. Iyakar abin da ya iso gare mu ke nan na labarinsu, abin da ya rage a zukata kuwa Mai zukatan ne ya san shi.